Daga Kara-Kara zuwa Ibadan da Buhun Ɓawon Gyaɗa

Tun ranar da na dawo daga ƙasar Yarabawa bakina bai huta ba. In na je gidan suna a tare ni, in na je layin famfo a tare ni, har mai kabu-kabun da ke raba mana yawur a butik-butik, wato shaguna, sai da ya kashe mashin a gefen hanya ya ce in gaya masa gaskiya, wai an ce an nuna mini aljanu a cikin madubi. Kowa ina ba shi guntu, guntun kuma ya zaga gari ya dawo mini da ƙarin da ban san shi ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in faɗi labarin gaba ɗaya yadda ya faru, kowa ya huta, ni ma in huta.

Sunana Rabi, a unguwar Kara-Kara ta Damagaram nake zaune. Mu mata ne da muka haɗa kai muna yin yawur, kindirmon zamani, mu ɗaure a ƴan ledojin sashe mu sayar. Ni ce babba a cikinmu, don haka in abu ya ɓaci ni ake turawa gaba. Madarar kuwa Malam Haruna ne ke kawo mana, mutumin Hamdara, abokin marigayi mijina. Kullum da sassafe yake zaga rugage da mashin, ya tara madara a bido, manyan robobin nan, ya iso mana kafin rana ta yi ƙarfi.

Da zafi ya shigo bana sai aiki ya soma ɓaci. Mu dafa madara, mu bari ta huce, mu zuba iri, wato ɗan tsohon yawur, yadda muka saba, mu rufe, in mun buɗe mu tarar da ita tsululu kamar ba a sa mata komai ba. Ba kullum ba ne, amma yakan faru a kai a kai. Mun sauya iri, mun sauya tukwane, ba ta sake ba. Sai wata a cikinmu, wadda ɗiyarta ke aiki a farmasi, ta zo da labarin cewa akwai masu zuba o oksijene a madara don kada ta yi tsami a hanya, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a likita, kuma shi yana kashe irin yawur. Daga ranar idon kowa ya koma kan Malam Haruna.

Muna da wasu ƴan takardun gwaji da ƴan proje suka taɓa bar mana, waɗanda ake tsomawa a madara su sauya launi. An ce mu ajiye su a firigo, cikin sanyi. To kun san wutar lantarkin Damagaram lokacin zafi, kullum a ɗauke take. Da muka ɗauko su muka gwada, ko da muka tsoma ɗaya a cikin kwalbar o oksijene kanta, fara ta shiga fara ta fito. Ba mu da shaida ke nan, amma mata suka ce a sallami mutumin. Na roƙa a ba ni lokaci. Shi kuma maganar ta kai kunnensa. Ya daina shigowa zaure ya sha ruwa, sai ya sauke bido a ƙofa, ya gaishe ni daga nesa ya juya. Wannan ya fi asarar madarar ci mini rai.

Ina da ƙane, Lawali, autanmu, ni na goye shi. Yana karatun dokta a fannin shimi, wato ilimin sinadarai, a wata jami'a a Ibadan. Ranar nan muna waya na zayyana masa damuwata don dai in sauke, sai ya ce, "Yaya, kin san abin da nake yi a nan kuwa?" Ashe shekarun nan da nake ce wa mutane yana karatun haɗa magani, shi na'urar gano wannan ruwa yake ƙoƙarin ƙerawa, wadda zafi ba ya lalata ta. Bayan ƴan kwanaki ya sake kira, ya ce malamarsa na son ganina, tana son jin yadda muke aiki daga bakin mai yin sa. Abu ɗaya ya roƙe ni in taho masa da shi: buhun ɓawon gyaɗa daga gidan kawunmu na Dogo. Na ce gyaɗa dai? Ya ce a'a, ɓawo. Na aika aka kawo. Ni kuma da dabarata, ba tare da na gaya masa ba, na ɗebi madarar ranar da nake zargi a kwalabe, na jera a glasiyer na cika da ƙanƙara. Na ce ai ga shaida zan kai musu har gida.

Mun tashi daga tasha da safe, muka bi ta Kance da Matameye. Har zuwa iyaka ba abin da ya faru sai rigimar wuri, don na ƙi yarda a ɗora glasiyer a saman mota, na rungume ta a cinya. A ɓangarenmu wani ɗan duwan, wato kwastan ɗinmu, ya kwance bakin buhu, ya zura hannu har gwiwa yana lalube, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hajiya, ina gyaɗar?" Na ce babu. Ya girgiza kai ya ce mu wuce.

A ɓangaren Najeriya ne aka ja. Jami'in kwastan ɗin Bahaushe ne kamata, amma sai muka soma saɓani a kan sunaye. Na ce glasiyer, ya ce kula. Na ce bido, ya ce jarka. Ya tambayi takardata da wani suna, sai da direba ya ce mini kart ɗina na shaida yake nufi. Da ya zo kan buhu sai ya ce ba mai hankalin da zai biya mota ya ɗauki shara daga ƙasa zuwa ƙasa, lalle akwai abin da na binne a ciki. Aka shimfiɗa tamfol aka zazzage. Suna tonawa, awakin wurin suka ji ƙamshi suka yo kanmu, ina korar wannan wancan na ci. Na kira Lawali na miƙa wa jami'in waya. Ban san me ya gaya masa ba, na dai ga mutumin yana saurare yana kallon ɓawon nan kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Da ya gama, shi da kansa ya durƙusa ya taya ni kwashewa, ya ce in na dawo in tsaya in gaya masa ko gaskiya ne.

Kano ba baƙuwata ba ce, mukan je sayen kayan ɗaki, don haka ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Baƙon abu ya soma ne daga tashar motocin kudu a Sabon Gari. Motar doguwa ce kamar gida. Kafin mu tashi wani mutum ya miƙe da littafi a hannu ya yi addu'a irin ta Kirista, rabin mota suka amsa. Yana zama wani dattijo mai carbi ya ɗaga hannu ya yi tamu, muka shafa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, akwai waɗanda suka ce amin a duka biyun.

Allah ya haɗa ni kujera da wata mata mai suna Iya Basira, Bayarbiya ce mai sayar da atamfa, amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Ta ce tun daga yadda na ce mersi wa yaron mota ta san ƴar Faransa ce ni. Na ce mu mun daina amsa wannan suna, ta ce su kuma ba su daina kira ba. Kafin Zariya ta san labarina duka. Ita ce ta ɗauki maganar ƙanƙara a kanta. Duk inda mota ta tsaya sai ta sauka ta bi masu sayar da lemo tana ciniki da yaren da ban sani ba, ta dawo da dunƙule a zani. Sau ɗaya ruwan da ya narke ya zubo ya bi ƙarƙashin kujera ya jiƙa wa wani mutum takalmi, ya taso da faɗa, ta tare shi ta ce masa maganin asibiti ne muke kai wa jami'a. Na ce mata a kunne ai madara ce. Ta ce in yi shiru.

Na yi barci a ƙasa mai kama da tamu, na farka a wata. Gari ya waye muna dab da gadar Jebba, kogin nan da na taɓa gani a Yamai ga shi ya zo nan ya ƙara faɗi. Daga can kuma sai kore, kore har ya gundure ka, itatuwa sun haɗe kai ba ka ganin bayansu. A gida mun bar mutane suna kwana a tsakar gida saboda zafi, girgije ko ɗaya babu, nan kuwa damina ta riga ta sauka. Bayan Ilori ruwa ya kece. Na manna fuskata a gilashi ina kallon yadda yake zuba daga indararo, yana bin kwata yana tafiya, ba wanda ya fito da ko roba. Na tambayi Iya Basira ko ba a tara. Ta yi dariya har da hawaye, amma da na gaya mata yadda mukan tashi mu jera bido a famfo tun asuba, wani lokaci mu dawo da su wayam, sai ta daina dariyar.

Ibadan ba ta da iyaka. Ka hau tudu ka ga rufin kwano mai tsatsa har inda ido ya tsaya, ka gangara ka hau wani tudun ka ga ƙari. Lawali na jira a tasha. Iya Basira ba ta tafi ba sai da ta danƙa ni a hannunsa, ta ja masa kunne a kan ramar da ya yi kamar ita ta haife shi.

A gidan da yake haya na sauka, wurin wata tsohuwa da kowa ke kira Mama. Muna shiga tsakar gida na ga ƙanena, mai gemu, ya zube ƙasa rub da ciki a gabanta. Na zabura na ɗauka jiri ne ya kwashe shi. Ashe gaisuwa ce. Mu ma muna durƙusa wa manya, amma namiji ya kwanta da ƙirji ban taɓa gani ba. Mama ba ta jin Hausa, ni ba na jin Yarbanci, duk da haka ta kama hannuna ta kai ni ɗaki, ta ajiye mini buta, ta nuna mini gabas da yatsa. Ita coci take zuwa, babban ɗanta masallaci, a tukunya ɗaya suke ci. A tsakar gidan akwai rijiya, igiyar gugarta ba ta kai tsawon zanina biyu ba.

Abincin farko da aka kawo mini tuwo ne baƙi wuluk, amala sunansa, na garin doya. Na ɗauka ƙonewa ya yi, na rasa yadda zan yi kada in ɓata wa tsohuwa rai. Miyar da ke kai kuwa ina ɗanɗanawa na gane ta, lalo ne, irin namu, sai dai sun zuba masa jar miya a gefe mai barkonon da ya sa na yi ta sharar hanci. Mama na zaune tana kallona tana ƙara mini. Kafin in bar garin ni ke neman amala da kaina.

Washegari muka tafi labo, ɗakin bincikensu. Ɗaki ne mai sanyi, fari tas, kowa da farar riga da safar hannu, ni ma aka sa mini a kan mayafina. Malamar Lawali, wadda suke kira Farfesa, gajeruwar mace ce mai furfura, ba ta fi ni shekaru sosai ba. Ta rungume ni, Lawali na tsakani yana fassara. Ban jira ba na ɗora glasiyer a kan tebur na buɗe, na ce ga madarar da ake zargi, a duba a gaya mini gaskiya.

Lawali ya dubi kwalaben ya dubi malamarsa. Ita ce ta yi bayani, a hankali, tana riƙe da hannuna. Ta ce wannan ruwa ba ya zama a cikin ɗanyar madara. Yana shiga yake soma wargajewa, ya koma ruwa da iska, ya yi ɓarnarsa ya ɓace. Madarar da ta kwana a hanya, ko an zuba ko ba a zuba ba, ba abin da za ta nuna. Na tuna ƙanƙarar Iya Basira da takalmin mutumin nan, na ji kamar in nutse. Farfesa ta ce kada in damu, ai dalilin aikinsu ke nan: ba madara ce za ta zo labo ba, na'ura ce za ta je ƙofar gidana.

Na tambaya me ya kashe takardunmu. Lawali ya ce a jikinsu akwai wani abu da ake kira anzim, daga saiwar wani tsiro ake tatso shi, shi ne ke gane ruwan ya sa launi ya fito. Yana da kaifi ƙwarai, amma lallausa ne, zafi na taɓa shi ya lalace ba ya dawowa. Su kuma suna neman abin da zai yi aikinsa wanda ba daga mai rai ya fito ba, abin da rana ba ta dame shi ba. Nan ɓawon gyaɗa ya shigo.

Kwanakin da na yi ina bin su na ga yadda ake yi. Suka wanke ɓawon, suka busar, suka sa a wata tanda da ba iska a cikinta, ya fito baƙin gawayi mara nauyi. Suka niƙe shi ya fi kwalli laushi. Ruwan da suke wanki da shi ma abin kallo ne, wata na'ura ce ke tace shi tana sake tacewa har ba gishiri ko ƙwaya, kuma wai ba a sha. Sannan Lawali ya ɗauko wata kwalba mai ruwa rawaya kamar shayin da bai nuna ba, ya ce in faɗi ko mene ne. Na ce lemo. Ya ce azurfa ce. Na ce azurfa na sani, ga zobenta a hannuna, fara ce. Ya ce in aka farfasa ta ta yi ƙanƙanta ƙwarai har ta wuce ganin ido, launinta ma sauyawa yake yi, halinta ma haka. Ya haɗa ruwan da garin gawayin, ya bar su suna juyawa. Haɗin nan shi suke kira nanokompozit: gawayi ya ba da wurin zama da hanyar da wutar lantarki za ta bi, azurfa ta yi aikin kamawa.

Ranar da aka kai ni ɗakin mikroskop ita ce ranar da ba zan manta ba. Ba irin na likita ba ne da ake leƙawa da ido ɗaya. Wannan ya fi firigo tsawo, shi kaɗai ke da ɗakinsa, ana cire takalmi kafin a shiga, kuma an ce kada a jingina da tebur. Ba da haske yake gani ba, wai haske ya yi kauri ga abin da ake nema. Aka ɗauki garin nan ɗan mitsitsi, wanda in a yatsana yake zan hure shi ban sani ba, aka sa a ciki aka rufe, aka zuƙe iskar. Muka zauna gaban allo.

Da farko na ga dutse, toka-toka, kamar duwatsun bayan unguwar Birni a garinmu. Mai aikin ya murɗa wani abu, dutsen ya matso ya cika allon, sai ga ramuka a jikinsa jere-jere kamar saƙar zuma. Ya ƙara murɗawa muka shiga rami ɗaya. Cikinsa akwai wasu ramukan, da lunguna, da bango mai lanƙwasa kamar an yaɓe shi da hannu. Ya ƙara. A jikin bangon sai ga ɗige-ɗige farare sun watsu ko'ina, wasu ɗai-ɗai, wasu a tare. Lawali ya ce azurfar ke nan, kuma da za a jera su, dubbai ne za su ratsa kaurin silin gashi guda.

Ban san lokacin da na soma tasbihi ba. Tun ina yarinya nake ɓarar gyaɗa a Dogo, ɓawon nan mun zuba wa awaki, mun hura wuta da shi, mun share mun zubar a bola. Ashe kowane ɗaya da ɗakuna a cikinsa, an gina su tsaf, ba don wani ya gani ba. Na tambaya ko su suka huda ramukan. Farfesa ta ce wuta ta buɗe wasu, amma tsarin tun daga gona ya zo da shi. Na ce a bar ni in ƙara kallo. Suka bar ni.

Bayan haka aka nuna mini gwajin. Wani ɗan falle ne na roba, bai kai yatsa ba, an zana masa layuka, a ƙarshensa akwai baƙin da'ira inda aka ɗiga haɗin ya bushe. Ana soke shi a wata ƴar na'ura kamar akwatin ashana, ita kuma tana magana da waya. Aka kawo sabuwar madara, aka sirka ta da wani ruwa, aka tsoma fallen. A fuskar waya layi ya miƙe yana tafiya. Lawali ya zuba sukari, layi bai motsa ba. Ya zuba gishiri, bai kula ba. Sai ya ba ni wani abin ɗiga ya ce ni zan sa o oksijene, ɗigo guda, wanda aka riga aka sirka har ba ya kumfa. Na ɗiga. Layin ya yi tsalle ya hau kamar matakala ya tsaya. Na ƙara, ya ƙara hawa. Ya ce ruwan ne ke isa wurin azurfa ya karɓi wuta daga gare ta ya wargaje, na'urar kuma tana auna wutar da aka karɓa. Fallen da muka yi aiki da shi kuwa daga wata tanda aka ciro shi, inda suka daɗe da ajiye su a zafi irin na Damagaram, don su ga ko za su jure.

Farfesa ta zaunar da ni ta yi ta tambaya: wa ke karɓar madara, a inuwa ko a rana, hannunmu a jiƙe ko a bushe, mata nawa ke iya karatu. Wasu na amsa, wasu na ce ban taɓa lura ba. Ta kuma gaya mini abin da bai gyaru ba tukuna. Maiƙon madara yana toshe ramukan, falle ba ya daɗewa, kuma wani lokaci biyu da aka yi rana ɗaya ba sa ba da amsa ɗaya. Ta ce Lawali zai bi ni gida ya gwada a wurinmu, amma ta ɗaga yatsa ta ce a fassara mini wannan daidai:

"Abin nan madara yake aunawa. Bai san wanda ya zuba ba, bai san dalili ba. Kada ki yanke wa mutum hukunci da shi."

Dawowa ta fi sauƙi, ga namiji a gefe, ba buhu ba glasiyer. Mama ta cika mini jaka da garin amala. A iyaka na nemi jami'in nan ban same shi ba, na bar wa abokan aikinsa saƙo a gaya masa gaskiya ne.

Safiyar da muka yi gwajin, mata duka sun hallara a zaure. Malam Haruna ya iso ya sauke bido zai juya, na ce ya tsaya. Na gaya masa abin da za a yi a gabansa, na ce in bai yarda ba a bari. Ya ce a yi. Kowane bido da rugar da yake ɗebowa. Lawali ya bi su ɗaya bayan ɗaya, layi na miƙe, har aka zo kan wani shuɗi. Layi ya hau. Ya sauya falle ya sake, ya kuma hawa.

Malam Haruna ya dubi bidon, sannan ya ce wannan na rugar Inna Jumma ne, can bayan Hamdara, mafi nisa, kuma ita ce ta ƙarshe da yake zuwa. Bai kare kansa ba, bai rantse ba. Ya dube ni ya ce, "Rabi, hau mu je."

Muka tafi, ni a bayan mashinsa, Lawali a kabu-kabu. Inna Jumma tsohuwar Bafillatana ce, doguwa, ita ke tara madarar matan rugarsu. Da aka tambaye ta ba ta ɓoye ba, don ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Ta shiga bukka ta fito da kwalba. Wani mai tallar magani ne a kasuwa ya sayar musu, ya ce maganin zafi ne na madara. Su sukan yi tatsa tun duku-duku, mashin ba ya isowa sai rana ta ɗaga, sau da yawa madara ta juya an mayar musu da ita. Ranar da zafi ya tsananta sai su zuba marfi guda. Daga cikinta kuma suke ba yara.

Lawali ya yi mata bayani da sauƙi. Malam Haruna ya ce daga gobe da rugarta zai soma, ko da zai fito da duhu. Tsohuwa ta saurara har suka gama. Ta buɗe kwalbar, ta taka zuwa bakin garke, ta tuntsurar da ita a kan kashin shanu. Wurin ya tashi da farin kumfa yana tsuwa, matan rugar suka matso suna kallo, wata ta janye ɗanta baya.

Sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi wata saniya da ba a sake ta ba, ta tsuguna ta tatsa, ta kawo ta ajiye a gaban Lawali.

"Auna wannan," in ji ta.

Ya ɗiba ya auna. Layi ya miƙe bai motsa ba. Ya juya mata fuskar wayar, ta duba kamar mai karatu, ta gyaɗa kai. Ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu, ta wuce ni, ta wuce Lawali, ta miƙa wa Malam Haruna. Ya yi bismilla ya sha, da ɗuminta, ya miƙo mini.